CINIKIN BIRI A SAMA: YABON GEM KAFIN YA FITO, DA KUƊIN 'YA'YANMU DA KE SALWANTA



Maganar da muka kawo yau wasu za su ce ta yara ce. To, kuɗin da ke tafiya a cikinta na manya ne. Duk wanda ya zaga Yelwa da Gwallameji da kewayen Wunti ya san gem ya zauna da gindinsa a garin nan. Ɗalibin ATBU ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya idan zai sayi laftof, tambayarsa ta farko ita ce ko za ta yi masa aikin makaranta, ta biyu kuwa ko za ta ɗauki FIFA. Sau da yawa uba ne ya sayar da amfanin gona, ko uwa ta kwashi adashe, aka haɗa kuɗin. Ga kuma matasan da suka tara jari suka buɗe gidan gem, da shi suke ci suke sha, wasunsu har da iyali.

Matsayinmu a fili yake. Kada kowa ya biya kuɗin gem kafin ya fito. Kada kowa ya sayi kwamfuta saboda yabon da aka yi wa gem kafin ya shiga hannun jama'a. Kada kuma kowa ya ɗauki jerin buƙatun da kamfani ya wallafa a matsayin alkawari. Duk ukun nan cinikin biri a sama ne.

Mu fara da lissafi. Tun 2020 manyan kamfanoni suka fara kai farashin sabon gem dala 70. Idan aka lissafa dala a naira 1,500, kuɗin ya kama naira 105,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato gem guda ya haɗiye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata ɗaya da rabi, ba a ma zo maganar kwamfutar da za ta ɗauke shi ba. Mutumin Amurka idan ya sayi gem ya tarar da shi a lalace, tsaki zai yi ya wuce. Namu kuwa asarar za ta bi shi wata da watanni. Don haka mu ne ya fi kamata mu zama masu tsaurin ido.

YADDA AKE DAFA YABON

Kafin gem ya fito, babu mai shi sai kamfanin da ya yi shi. Kamfanin ne ke zaɓen wanda zai ba kwafi. Shi ne ke sa ranar da za a ɗage takunkumin magana. Shi ne ke faɗin na'urar da za a gwada shi a kai, wani lokaci har da abin da za a nuna da wanda ba za a nuna ba. Mai sharhin da ya saɓa, ya san kwafin gaba ba zai zo masa ba, kuma wanda bai samu kwafi da wuri ba, abokan hamayyarsa za su kwashe masu kallo kafin ya buɗe baki. Ba sai an ba kowa cin hanci ba. Tsarin da kansa ya isa ya tausasa harshe.

Babban misali shi ne Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt da ke ƙasar Polan. An shafe shekara takwas ana zuzuta shi, tun daga 2012. Da lokacin fitowarsa ya matso, kamfanin ya ba masu sharhi nau'in kwamfuta kaɗai, ya riƙe na PS4 da Xbox One. Masu sharhin bidiyo kuma aka hana su nuna hoton wasan da suka buga da hannunsu, sai dai su yi amfani da wanda kamfani ya tace ya miƙa musu. Ranar 7 ga Disambar 2020 sharhi ya fito, maki ya tashi sama. Ranar 10 ga wata gem ya fito. Mutum miliyan 8 sun riga sun biya, har kamfanin ya sanar cewa kuɗin da aka biya tun kafin fitowa ya rufe abin da aka kashe wajen ƙera shi da tallarsa.

Sai masu PS4 da Xbox One suka kunna. Hoto yana tsinkewa, mutane da motoci suna ɓacewa suna dawowa, gem yana mutuwa a tsakiyar wasa. Cikin kwana huɗu kamfanin ya fito yana ba da haƙuri kan rashin nuna wasan a waɗannan na'urori. Kafin mako biyu Sony ya cire shi daga shagonsa na PlayStation gaba ɗaya, bai dawo da shi ba sai watan Yunin 2021. A shafin Metacritic, inda ake tara makin masu sharhi, nau'in kwamfuta ya tsaya a 86, na PS4 kuwa 57. Gem ɗaya, suna ɗaya, farashi ɗaya.

A lura da abu guda. Yawancin masu sharhin ba ƙarya suka yi ba. Sun faɗi abin da suka gani a kan manyan kwamfutocinsu. Abin da aka ɓoye musu shi ne abin da talaka zai gani a kan tasa na'urar. Ana iya yaudarar mutum da zallar gaskiya, idan an zaɓi gaskiyar da za a nuna masa.

BA SAU ƊAYA BA, BA SAU BIYU BA

A Nuwambar 2007 shafin GameSpot ya sallami editansa Jeff Gerstmann jim kaɗan bayan ya ba Kane & Lynch maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da tallar gem ɗin ta lulluɓe shafin. Sai a 2012 ya samu damar bayyana cewa matsin lambar masu talla ce shugabannin suka kasa jurewa. Idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

A Nuwambar 2014 kamfanin Ubisoft ya sa takunkumin sharhin Assassin's Creed Unity ya ƙare awa 12 bayan an fara sayar da shi. Ma'ana a saya tukuna, a ji gaskiya daga baya. Gem ɗin ya fito cike da matsala, kamfanin ya ba da haƙuri. A Yunin 2015 aka fitar da Batman: Arkham Knight. Masu sharhi nau'in PS4 suka gwada suka yaba, na kwamfuta kuwa ya lalace har Warner Bros. ya dakatar da sayar da shi washegari, bai dawo kasuwa ba sai ƙarshen Oktoba.

A Yulin 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta cimma sulhu da wannan kamfani na Warner Bros. kan gem ɗin Shadow of Mordor. An biya 'yan YouTube kuɗi, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, bisa sharaɗin su yabi gem ɗin, kada su nuna wata matsala da suka ci karo da ita, kuma ba a bayyana wa masu kallo a fili cewa talla ce ba. An kalli waɗannan bidiyoyi fiye da sau miliyan 5.5. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ga kuma wanda ya taɓa mu kai tsaye. Duk wanda ya tashi yana buga PES a gidajen gem na Bauchi ya tuna ranar 30 ga Satumbar 2021, da Konami ya maye gurbinsa da eFootball 2022. An yi ta alkawarin sabon zamani. Da ya fito, fuskokin 'yan wasa sun zama abin dariya a duniya, ya zama gem mafi ƙarancin maki a shagon Steam a lokacin. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya soke wani ƙunshin 'yan wasa na kusan dala 40 da ya riga ya fara karɓar kuɗinsa, ya mayar wa mutane. Cikakken nau'in bai fito ba sai Afrilun 2022. Wanda ya yi haƙuri bai rasa komai ba.

JERIN BUƘATU: ABIN DA BA A FAƊA

Kowane gem na kwamfuta yana zuwa da jeri biyu: mafi ƙarancin abin da zai ɗauke shi, da abin da ake so a samu. Babu wata hukuma a duniya da ke tantance waɗannan jeri. Kamfani ne ke rubuta abinsa, kuma amfaninsa yana cikin ya sassauta, domin kowane wanda ya ga kwamfutarsa ta shiga jerin, mai saye ne. Abin da mafi ƙaranci ke nufi a mafi yawan lokuta shi ne gem zai buɗe, a mafi ƙasƙancin kyawun hoto, yana tafiya da kusan hoto 30 a daƙiƙa idan an yi sa'a. Mota ma idan ta tashi ana cewa tana aiki, ko da ba za ta iya kai ka Dass ba.

Jerin kuma ba ya zama wuri ɗaya. A 2020 Cyberpunk ya nemi katin hoto GTX 780, da ram gig 8, kuma tsohuwar ma'ajiya mai juyawa ta wadatar. A 2023 kamfanin ya sabunta gem ɗin, sai mafi ƙaranci ya koma GTX 1060 mai gig 6, da ram gig 12, da ma'ajiyar SSD dole. Wanda ya sayi kwamfuta daidai wa daida da jerin farko, an ja masa tabarma yana zaune.

Masu FIFA su ma sun ɗanɗana. FIFA 22 ya nemi furosesa Core i3-6100, da katin GTX 660, da wuri gig 50. Shekara ɗaya tak, FIFA 23 da ya fito a Satumbar 2022 ya nemi Core i5-6600K, da GTX 1050 Ti, da wuri gig 100. Mai gidan gem da ya jera kwamfutoci a kan ma'aunin bara, bana ya wayi gari samari suna tambayar sabo, injinansa sun kasa.

Sai babban tarkon, wato suna. Jerin buƙatu da kayan kwamfutar tebur yake magana, mu kuwa yawancinmu laftof muke saye, kuma ta hannu. Ɗauki misali. Core i5-6600K na tebur yana da cibiyoyin aiki huɗu, kuma an ƙera shi ya ja wuta wat 91. Core i7-6600U da ke cikin laftof ɗin ofis masu yawa da ake shigo mana da su, cibiya biyu gare shi, wat 15. Yaro ya ga jeri ya ce i5, ya duba tasa ya ga i7, sai ya ɗauka ya wuce da rata. Alhali harafin U da ke ƙarshe shi ne labarin gaba ɗaya: an yi shi ne don ya adana batir. Irin waɗannan laftof suna da kyau ga rubutu da bincike da aikin ofis. Gem mai nauyi ne ba aikinsu ba. Ko a sama can haka abin yake: RTX 4090 na laftof, ƙwaƙwalwar da ke cikinsa irin ta RTX 4080 na tebur ce.

MASU ƘERA KAYAN MA HAKA SUKE

Kada a ɗauka masu yin gem ne kaɗai. A 2015 aka gano cewa katin GTX 970 na Nvidia da aka tallata da gig 4, gig 3.5 ne kawai ke gudu da cikakken sauri, har aka kai ga sulhu a kotun Amurka a 2016 aka biya masu saye dala 30 kowanne. A Disambar 2020 kamfanin ya aika wa tashar Hardware Unboxed saƙon cewa zai daina ba ta kayan gwaji saboda ba ta mai da hankali kan fasahar da yake son a tallata ba. Sai da duniya ta yi caa ya janye ya nemi afuwa. A Janairun 2025 shugaban kamfanin, Jensen Huang, ya tsaya a bainar jama'a ya ce RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090, katin da ya fito a kan dala 1,599. Da masu gwaji masu zaman kansu suka auna, aka ga maganar ta dogara ne kan ƙarin hotunan da na'ura ke ƙirƙira ta cusa a tsakani, ƙarfin katin na asali bai ko kusa ba. Idan mai kamfani zai faɗi haka a gaban kyamarorin duniya, me muke tsammani daga ɗan tallar da ke neman kwamasho?

ABIN DA JERIN BAI SAN DA SHI BA: BAUCHI

Ko da jerin gaskiya ne ɗari bisa ɗari, an auna shi ne a ɗaki mai sanyi, da wuta marar yankewa, da intanet marar iyaka. Mu duba namu.

Zafi. A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yakan doshi digiri 40. Furosesa idan ya kusanci digiri 100 yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Shi ya sa za ka ga laftof ta fara wasa lafiya, bayan minti ashirin ta fara sarƙewa. Sai hunturu ya zo da ƙura ta toshe fanka da hanyoyin iska, abin ya ƙaru.

Wuta. Laftof ɗin gem idan aka cire ta daga caji, ƙarfinta raguwa yake yi sosai, batir kuma ba ya daɗewa. Kwamfutar tebur mai jan wat 400 tare da allonta, idan ta yi awa biyar ta sha yunit biyu. A Afrilun 2024 aka kai yunit ɗin 'yan rukunin A naira 225. Wanda ba ya wannan rukuni kuwa janareta zai tayar, da man da kowa ya san yadda farashinsa ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Ba mu manta ƙarshen Oktoban 2024 ba, da jihohin Arewa da dama, har da tamu, suka shafe fiye da mako cikin duhu. Wane mai sharhi ne a Landan ya taɓa sa wannan a lissafinsa?

Data. Gem mai gig 100 sai an sauke shi, sannan a ranar farko ma yakan nemi a sauke gyara, wani gyaran ya biyo baya. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Duk gem ɗin da aka fitar a lalace da niyyar a gyara daga baya, mu ne ke biyan kuɗin gyaran da datarmu.

NA GIDA MA SAI MUN FAƊA MUSU

Ba za mu zagi na nesa mu rufe ido ga na kusa ba. A cikin masu sayar da kwamfuta akwai mutanen kirki da yawa, waɗanda za su gaya maka gaskiya ko da cinikin zai wargaje. Amma akwai kalmar da ta zama ruwan dare a bakin wasu: "Tana ɗaukar kowane gem." Babu kwamfutar da ke ɗaukar kowane gem a kuɗin da ake faɗa, kuma mai faɗin ya sani.

Akwai wata dabara da ya kamata kowa ya gane. Laftof marar katin hoto na musamman, wadda ke amfani da Intel HD ko UHD, aron ram take yi ta yi aikin hoto da shi. Sai a buɗe wa mai saye wani shafi a nuna masa jimillar da ta haɗa da wannan aro, a ce ga shi nan, gig 4 ko gig 8 na hoto. Wannan algus ne, daidai da a jera manyan tumatir a saman kwando. Akwai kuma jabun katuna, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Matsalar ta yi yawa a duniya har manhajar GPU-Z ta ƙara alamar gano na jabu tun 2018. Wani lokaci mai shagon kansa ba da sani ya sayo ba. To, ya koya, domin jahilcin mai sayarwa bai kamata ya zama asarar mai saye ba.

Sai 'yan uwanmu masu yin bidiyon fasaha da Hausa a TikTok da YouTube da Facebook. Muna alfahari da ku, kun buɗe wa mutane ido da harshensu. Amma fassara tallar kamfani ba sharhi ba ne. Idan ba ku buga gem ba, ku ce ba ku buga ba. Idan hoton da kuke nunawa na kamfani ne, ku faɗa. Idan mai shago ne ya ba ku kuɗi ko kyautar kaya, ku faɗa da baki a farkon bidiyo. Wanda ke kallonku ɗan unguwarku ne, kuma gobe za ku haɗu a ɗaurin aure.

AMSA GA MASU CEWA...

Wasu za su ce ai kamfanonin suna gyarawa daga baya, ga Cyberpunk nan ya zama gem mai kyau. Gaskiya ne ya gyaru. Amma sai bayan kusan shekara uku, kuma kafin nan farashinsa ya sha faɗuwa a lokutan rangwame. Wanda ya jira ya samu mai kyau da araha. Wanda ya yi gaggawa ya biya cikakken kuɗi ya zama ɗan gwaji kyauta. Wannan hujja tamu ce, ba tasu ba.

Wasu za su ce ai Steam yana mayar da kuɗi. Yana mayarwa, idan ba a wuce kwana 14 ba, kuma ba a buga awa biyu ba. Amma kwanakin suna tafiya kana fama da saukewa. Kuma da The Last of Us Part I ya fito a kwamfuta a Maris 2023, wasu sun ga shirye-shiryen farko kaɗai sun cinye musu fiye da awa guda kafin su fara wasa. Ko an mayar maka da kuɗin gem, wa zai mayar maka da data? Wa zai karɓi laftof ɗin da ka saya dominsa?

Wasu za su ce ai mu ba saye muke ba, wanda aka fasa ake tura mana a shago. Ban da haƙƙin masu shi, da ƙwayoyin cutar da ke biyo irin waɗannan kwafi su sace lambobin sirri a kwamfutar da ake shiga banki da ita, maganarmu ba ta canja ba. Babbar asarar tana wajen sayen na'ura, kuma wannan yabon ne ya tura ka sayenta.

Wasu kuma za su ce to kada a yarda da kowa ke nan? A'a. Akwai masu gwaji na gaskiya, irin su Digital Foundry da Gamers Nexus da Hardware Unboxed, waɗanda ke auna gudu da zafi su nuna lambobi. Abin da muke cewa shi ne a duba lokacin da aka yi sharhi, da na'urar da aka yi shi a kai, da wanda ya ba da kwafin.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

1. A jira aƙalla mako biyu bayan gem ya fito. Kayan intanet ba ya ƙarewa a shago, babu layin da za a rasa.

2. A karanta ra'ayin waɗanda suka saya da kuɗinsu. Steam yana nuna awannin da mutum ya buga, yana kuma nuna wanda aka ba kyauta.

3. A rubuta sunan gem tare da cikakken sunan katin hoto ko furosesa a YouTube, a ga yadda yake gudu a kan irin taka na'urar, ba a kan ta mai miliyoyi ba.

4. A auna da jerin abin da ake so, ba na mafi ƙaranci ba. Mai laftof ya ƙara barin rata saboda zafinmu.

5. A shago, a danna maɓallin Windows da R, a rubuta dxdiag, a duba shafin Display. Layin Display Memory shi ne na katin kansa, Shared Memory aro ne. A karanta cikakkiyar lambar furosesa har harafin ƙarshe.

6. A sa mai shago ya kunna gem ɗin da ake so, a buga rabin awa cur a gabansa. Gani ya kori ji. Wanda ya ƙi yarda a gwada, ya riga ya ba ka amsa.

7. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'ura, da abin da aka ce tana da shi, da kwanakin da za a iya mayarwa. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yin bayanin ƙarya a kan kaya, amma sai da takarda ake kai ƙara.

8. A tambaya ko na'urar tana ɗaukar Windows 11. Microsoft ya sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na takwas na Intel yake farawa.

9. Iyaye, kada ku miƙa kuɗi saboda yaro ya nuna muku bidiyo. Ku haɗa shi da wanda ya san harkar kuma ba shi da riba a cinikin.

Muna kuma roƙon 'yan uwa masu ilimin kwamfuta a cikinmu, ɗalibai da masu gyara da masu gidajen gem, su riƙa rubuta mana abin da suka gwada da hannunsu: sunan na'ura, sunan gem, yadda ya gudu, a wane wata, da wuta ko da batir. Idan muka tara irin wannan, za mu samu jerin da ya fi na kowane kamfani amfani a gare mu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kamfanonin nan suna ci gaba da fitar da kaya a lalace ne saboda kuɗi yana shiga kafin gaskiya ta fito. Ba mu da ikon canja su daga Bauchi. Amma muna da ikon hana nairarmu shiga cikin wannan lissafi. A tura wa duk wanda ke shirin sayen kwamfuta, musamman iyaye.

Allah Ya sa albarka a dukiyarmu, Ya tsare mu daga asara. Amin.